Mahaifinmu ya ci 19 cikin 30 a gwajin ƙwaƙwalwa, shin ciwon mantuwa ne ya kama shi?

Ɗan Mai Hatsi ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ya hana gidanmu sakat tun makon jiya. Mahaifinmu yana da shekara 72, ɗan kasuwar hatsi ne tun yana saurayi, kuma mahaddacin Alƙur'ani ne da ya yi karatun allo da na littattafai, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. Kusan shekara guda ke nan muna lura yana maimaita tambaya. Zai tambaya ko an kai wa ƙanwarsa saƙo, a ce masa an kai, bayan la'asar ya sake tambaya kamar ba a taɓa yin maganar ba. Sau biyu kuma ya biya dillali kuɗin buhunan da ya riga ya biya, ba don mutumin mai tsoron Allah ne ba da ba mu sani ba.

Da muka kai shi ganin likita saboda hawan jininsa, sai na ambaci wannan. Aka tura mu wani ɗaki, inda wata ma'aikaciya ta riƙe takarda da aka rubuta da Turanci tana fassara masa tambayoyin da Hausa nan take, ni kuma ina zaune a gefe. Ta tambaye shi shekarar da muke ciki da wata da kwanan wata, ya faɗa mata duka ukun da lissafin Hijira, kuma daidai ya faɗa, amma na ga ta sa masa sifiri a kowanne. Ta nuna masa rubutun boko ta ce ya karanta ya aikata abin da ke ciki, ya ce ba ya karanta boko. Ta ce ya rubuta jimla, ya rubuta da ajami, ta duba ta girgiza kai. Ta ba shi wani zane mai kusurwa biyar guda biyu da suka shiga juna ta ce ya kwaikwaya, ya yi abin da bai yi kama ba. Ta ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya ce 93, ya ce 86, daga nan ya rikice. Kalmomi uku da ta ce ya riƙe tun farko, ɗaya kaɗai ya tuna. Duk abin bai wuce minti goma ba, aka rubuta 19 cikin 30, aka ce mu dawo bayan wata ɗaya.

Yanzu yayanmu ya kafe a kan cewa tunda an ce wanda bai kai 24 ba yana da matsala, to a karɓi makullin shago da katin banki daga hannun Baba. Ni kuwa ina ganin an zalunce shi a gwajin, domin mutumin da har yau yake jan sallar asuba da dogayen surori ba tare da an gyara masa ba, ban ga yadda za a ce ƙwaƙwalwarsa ta lalace ba. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu, kuma me wannan 19 take nufi?

Likitan Ƙwaƙwalwa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri da ka lura da tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin bayanin da ka kawo ya fi lambar 19 ɗin amfani a wurin likita.

Daga siffar da ka bayar, gwajin da aka yi masa shi ne wanda ake kira MMSE, wanda Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh suka wallafa a Amurka a 1975. Maki 30 ne: 10 na sanin lokaci da wuri, 3 na maimaita kalmomi uku, 5 na cire bakwai-bakwai, 3 na tuno kalmomin bayan ɗan lokaci, 8 na harshe, sai 1 na zane. An tsara shi ne domin tantancewa ta gaggawa, wato a gane wanda ya kamata a zurfafa masa bincike. Shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon mantuwa, ba ya kuma kore shi. Iyakar 24 da yayanku yake dogara da ita gaskiya ce ana amfani da ita, sai dai an samo ta ne daga mutanen da galibinsu sun yi makaranta. A 1993 an buga wani bincike a Amurka da ya shafi mutum sama da 18,000 na cikin gari, aka ga cewa matsakaicin makin waɗanda suka yi shekara tara ko fiye a makaranta 29 ne, waɗanda suka yi shekara biyar zuwa takwas 26, waɗanda ba su wuce shekara huɗu ba kuma 22. Ka ga ko a can, inda tambayoyin suke cikin harshensu da kalandarsu, wanda bai yi makaranta ba yakan faɗo ƙasa da 24 alhali yana harkokinsa.

Mu rarraba maki 11 da Baba ya rasa. Uku na kwanan wata ne. Manufar tambayar ita ce a gane ko mutum yana bin tafiyar lokaci, kuma wanda ya faɗi shekara da wata da kwana na Hijira daidai ya nuna hakan, don haka a wurina ya ci su. Biyu na karatu da rubutu ne, kuma da an rubuta masa umarnin da ajami, da an samu wanda zai karanta jimlar da ya rubuta, da an gwada abin da ake son gwadawa. Ɗaya na zane ne, wanda dattawa masu lafiya da ba su saba zanen siffofi a takarda ba suke yawan faɗuwa a kansa. Shida ke nan da ba su gaya mana komai game da lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba. Kana da gaskiya a nan.

Sauran biyar ɗin su ne suka tsaya mini a rai. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana lissafin tiya da buhu a ka, bai kamata cire bakwai daga 86 ya gagare shi ba, ko da yake firgici da rashin sabo da irin tambayar suna iya jawo haka. Kalmomi ukun nan kuwa ba sa buƙatar boko ko kaɗan. Idan aka haɗa rasa biyu daga cikinsu da maimaita tambaya a gida da biyan kuɗi sau biyu, duk abu ɗaya suke nunawa, wato wahalar ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa.

Game da haddarsa, ina roƙonka kada ka ɗauke ta hujjar lafiya. Abin da mutum ya koya tun yarinta ya yi ta maimaitawa shekara sittin yana da ma'ajiya mai ƙarfi, kuma shi ne yake jimawa bai taɓu ba. A cutar Alzheimer, wadda nau'i ce ta ciwon mantuwa, sashen ƙwaƙwalwa da yake karɓar sabon labari ya adana shi ne yake fara lalacewa, shi ya sa za ka ga dattijo yana ba da labarin yunwar 1973 dalla-dalla amma ya manta ko ya karya kumallo. Mai hawan jini kuma yana iya samun wani nau'in na daban, wanda ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suke toshewa kaɗan-kaɗan.

Akwai gwaje-gwajen da suka fi dacewa da irinsa, kuma wasunsu a ƙasar nan aka raine su. A 1992 aka fara wani dogon bincike tsakanin Ibadan da birnin Indiyanapolis na Amurka, wanda Hugh Hendrie da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun suka jagoranta, inda aka kwatanta dattawan Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka masu shekara 65 zuwa sama. Sun yi aiki da gwajin CSI-D, wanda yake tambayar abubuwa kamar sunan gwiwar hannu, da abin da ake yi da guduma, da inda kasuwar unguwa take, da sunayen dabbobin da mutum zai iya kawowa cikin minti ɗaya, sannan yana da sashe na biyu da ake yi wa ɗan'uwan da yake zaune da dattijon tambayoyi. A Ibadan ɗin ne kuma aka samar da gwajin tsinken ashana, inda ake jera tsinke huɗu a wata siffa a ce mutum ya jera irinta, a madadin zane da biro. An yi amfani da waɗannan a binciken dattawan Zariya da aka buga a 2011. Akwai kuma gajeren gwajin IDEA mai maki 15 da aka tsara a gundumar Hai ta Tanzaniya aka gwada shi a Najeriya, da RUDAS da aka yi a Ostareliya a 2004 domin baƙi masu harsuna dabam-dabam, wanda yake sa mutum ya riƙe jerin cefane. Idan kun koma, ka nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa ko na jijiyoyi, ka tambaya ko suna da ɗaya daga cikin waɗannan. Ka kuma nemi a duba jinsa da ganinsa, da sugansa, da bitamin B12, da aikin tayirod, wato wani ƙullutu da ke gaban wuya, da duk magungunan da yake sha har da na gargajiya, a kuma tambaye shi ko yana cikin damuwa, domin kowanne daga cikinsu yana iya rage maki, kuma yawancinsu suna da magani.

Malama Mai Gwajin Yara ta amsa:

Sallama ga kowa. Likita ya yi bayani mai gamsarwa, ni zan ƙara ne ta ɓangaren yadda ake gudanar da gwajin, domin aikina shi ne gwada yaran da makarantu suke turo mana, kuma matsalar iri ɗaya ce.

Abin da ya sa ake kiran gwaji daidaitacce shi ne kowa ana yi masa shi da lafazi ɗaya, da tsawon lokaci ɗaya, da ƙa'idar ba da maki ɗaya, sannan a kwatanta sakamakonsa da na wani rukunin mutane da aka riga aka gwada. Da zarar mai gwaji ta fara fassara tambaya daga Turanci a take, wannan daidaito ya tafi, domin fassarar da za ta yi da safe ba lalle ta zama irin ta yamma ba, kuma ta abokiyar aikinta daban ce. Ba ina ɗora wa ma'aikaciyar laifi ba ne, abin da aka ba ta ke nan, kuma na san yawan layin da ke jiranta a waje. Amma wanda zai karanta sakamakon ya kamata ya san yadda aka same shi.

Ga misali daga gwajin kaifin basira na Wechsler na yara, wanda fitowarsa ta biyar ta zo a 2014 domin 'yan shekara 6 zuwa 16. Makin IQ, wato makin kaifin basira, ba adadin amsoshin da yaro ya ci ba ne, matsayinsa ne a tsakanin sa'o'insa na rukunin da aka auna, inda aka mai da matsakaici 100, kuma kusan kashi 68 cikin ɗari suke faɗawa tsakanin 85 da 115, kashi biyu da ɗoriya kuma ƙasa da 70. Rukunin da aka gina bugun Amurka a kansa yara 2,200 ne na can. Idan na gwada yaron da ya tashi a Fagge ko Tudun Wada da wannan ma'auni, abin da lambar take faɗa shi ne matsayinsa da a ce ɗan Amurka ne mai Turanci tun daga nono, ba matsayinsa a cikin yaran unguwarsu ba.

Har abin da ake zaton harshe bai shafe shi ba yana shafarsa. Akwai sashen da ake karanto wa mutum lambobi ya maimaita, ana ƙara tsawonsu har ya gaza. A 1980 wasu masu bincike sun nuna cewa mutanen yankin Wales masu harshe biyu sun fi riƙe lambobi da yawa da Turanci a kan harshensu, saboda sunayen lambobin nasu sun fi ɗaukar lokaci wajen furtawa. To ku ƙirga namu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara, kowanne gaɓa biyu ne, alhali a Turanci bakwai ce kaɗai mai gaɓa biyu. Wanda ya yi sashen da Hausa sannan ya duba jadawalin Turanci yana iya rage wa yaro abin da yake nasa. Haka nan zane. Robert Serpell ya gwada yaran Zambiya da na Ingila a 1979, ya sa su kwaikwayi siffofi: da fensir da takarda 'yan Ingila suka yi gaba, da lanƙwasa waya 'yan Zambiya suka yi gaba saboda sun saba ƙera motar waya, da yumɓu kuma suka yi kunnen doki. Duk wanda ya ga yaranmu suna ƙera motar langa-langa zai gane abin da ake nufi. Zuwa makaranta ma yana da nasa tasirin: wani nazari na 2018 da ya tattara bayanan mutum sama da 600,000 ya nuna cewa kowace shekara ta ƙarin makaranta tana ɗaga IQ da maki ɗaya zuwa biyar.

Duk da haka ban daina amfani da waɗannan gwaje-gwaje ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa a watsar da su. Abin da nake yi shi ne in rubuta a rahoto harshen da aka yi gwajin da shi, da ma'aunin da aka kwatanta, da yanayin yaron a ranar, ko ya ci abinci, ko yana jin tsoro, sannan in ba da makin a matsayin tazara, misali tsakanin kaza da kaza, domin ko a inda komai ya daidaita akwai kuskuren awo na kusan maki biyar sama ko ƙasa. Abin da ya fi amfani a wurina shi ne kwatanta mutum da kansa: wane sashe ya yi ƙarfi, wane ya yi rauni, kuma me ya sauya bayan wata shida. Malam, Babanku ma haka ya kamata a yi masa.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam Ɗan Mai Hatsi, Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi. Ni ba likita ba ce, na yi jinyar mahaifiyata ne shekara shida kafin Allah Ya karɓi abarsa. Lokacin da aka fara gwada ta ta ci ƙasa, ni ma na ce ai don ba ta yi boko ba ne, na kwashe ta muka koma gida, dangi kuma suka ce gigin tsufa ne kowa zai yi. Sai da ta ɗora tukunya a kan gas ta fita unguwa ta manta, maƙwabta suka ɓalle ƙofa, sannan muka koma asibiti, bayan shekara biyu sun wuce a banza. Ina tsoron kada bayanin maki shida da Likita ya yi ya zame maka abin kwantar da hankali ka manta da sauran biyar ɗin.

Abin da ya taimake mu daga baya shi ne wani ɗan littafi da na ajiye a kicin. Duk ranar da wani abu ya faru sai in rubuta kwanan wata da abin da ya faru a layi biyu: yau ta tambayi ina yayarta wadda ta rasu, yau ta sa gishiri sau biyu, yau lafiya ƙalau. Da likita ya karanta shi, ya ce ya fi masa gwajin amfani. Ka kuma tafi da wadda ta fi kowa zama da shi, idan mahaifiyarku ce to ita, domin akwai abubuwan da mata take gani waɗanda 'ya'ya maza ba sa gani, kuma sau da yawa takan ɓoye su saboda kare girman maigida. A ba ta dama ta yi magana da likita ba a gabansa ba.

Ɗan Mai Hatsi ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya, Allah Ya jiƙan Hajiya Ya sa jinyar ta zama kaffara. Na karanta wa yayana amsoshinku, kuma mun yarda cewa kowannenmu ya riƙe rabin magana ne. Na tambayi Inna jiya da dare, ta ce wata uku ke nan ita take tuna masa maganin hawan jini, kuma wani lokaci yakan sha sau biyu, abin da ba ta taɓa gaya mana ba. Likita, saura tambaya biyu. Shin in riƙa koya masa kwanan watan Turawa da cire bakwai-bakwai kafin ranar komawa, domin kada a sake rage masa maki? Sannan maganar shago da katin banki fa, me za mu yi kafin a gama binciken?

Likitan Ƙwaƙwalwa ya amsa:

Malam, kada ka koya masa komai daga cikin tambayoyin. Idan ya haddace su makinsa zai tashi alhali halinsa bai sauya ba, sai likita ya ga kamar ya samu sauƙi ya sallame ku. Ko ba a koya wa mutum ba, maimaita gwaji iri ɗaya a kusa-kusa yana ɗan ɗaga maki, shi ya sa muke ba da tazara ko mu sauya kalmomin. Abin da za ka shirya shi ne yanayinsa: a je da safe bayan ya yi barci sosai ya karya kumallo, a tafi da tabaransa, a tafi da kwalayen magungunansa duka a leda ɗaya, kuma tun kafin a fara ka gaya wa mai gwajin cewa da Hijira yake lissafi, da ajami yake rubutu, ka roƙa a rubuta haka a katinsa.

Maganar magani ita ce ta gaggawa, domin shan maganin hawan jini sau biyu yana iya sa jiri da faɗuwa. Daga yau Inna ta riƙe maganin ta riƙa ba shi da hannunta. Idan kuma kuka ga ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko zazzaɓi ya zo, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, kada ku jira watan ya cika, ku kai shi a ranar.

Shi kuwa shago, makin gwajin tantancewa ba ya yanke hukuncin cewa mutum ba zai iya riƙe dukiyarsa ba. Wannan ana duba shi ne a kan kowane al'amari daban: ko ya fahimci cinikin, ko yana iya riƙe bayanin har ya auna shi, ko yana iya faɗin abin da ya zaɓa. Raba shi da shagon da ya yi rayuwarsa a ciki zai iya jefa shi cikin damuwar da za ta ƙara masa mantuwa. Ku zauna da shi ku uku, kai da yayanka da Inna, ku gaya masa maganar biyan dillali cikin ladabi, ku nemi yardarsa ɗayanku ya riƙa zama tare da shi yana rubuta shige da fice a littafi, a gaya wa amintattun dillalansa su riƙa sa hannu idan an biya su, sannan da izininsa a haɗa lambar wayar ɗayanku da asusun domin saƙon banki ya riƙa shigo muku. Makullin ya ci gaba da zama a aljihunsa har mu ga abin da cikakken binciken zai nuna.